Adireshin Asibitoci da Hutun Kwana Arba'in

Ku gyara zama, ga ta nan gare ku. Sai dai wannan ba ta gizo da ƙoƙi ba ce. A gabana aka yi ta, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki. In na kai ƙarshe akwai tambayar da zan yi muku, don ni na kwana goma ina jujjuya ta ban ga bakin zaren ba.

Wanda bai san ni ba, sunana Sidi, abokan aikina kuma Baba suke ce mini. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wani ɗan kamfani mai ba da hayar sabar. Sabar dai babbar kwamfuta ce wadda ba a kashewa, ita ke ajiye kayan mutane a intanet. Muna da guda shida a wani ɗaki da muka gina a kan tudu, hayin kwarin da ya raba garinmu da gonaki, don can muka samu filin kafa sola. Ofis kuwa yana cikin gari. Kowace sabar mun yanyanka cikinta kashi-kashi, kamar yadda ake raba gidan haya ɗaki-ɗaki. Mai makaranta ya kama ɗaki ya zuba sakamakon ɗalibansa, mai atamfa ta kama nata ta jera hotunan kaya, ga gidan rediyo, ga ƙungiyar direbobi, har 'yan haya sama da ɗari biyu. Mu masu gida ne kawai. Abin da ke cikin ɗakin mutum a kulle yake da mabuɗinsa, ba ma gani.

Kowane ɗaki da adireshinsa. Lamba ce doguwa mai gaɓa huɗu, amma da yake gaɓoɓi ukun farko duk iri ɗaya ne a wurinmu, da wutsiyar muke kira: goma sha biyu, tamanin da tara, ɗari da shida. Doka ɗaya ce a wannan sana'a wadda ba a takawa: adireshi ɗaya, ɗaki ɗaya. In ka ba ɗakuna biyu lamba ɗaya, duk wanda ya zo ya yi sallama su biyun za su amsa, saƙo ya rabu rabi nan rabi can, a ƙarshe kowa ya tashi a tutar babu.

Cikin 'yan hayarmu akwai ƙungiyar ƙananan asibitocin ƙauye goma sha tara. Abin da suka ajiye a wurinmu rajista ce ta allurar dafin maciji: wane asibiti ke da ita a firji, kwalba nawa, yaushe za ta lalace, da lambar wayar wanda ke riƙe da mabuɗin firjin. Allurar tana da wuyar samu. A da, in maciji ya sari mutum, sai a yi ta yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan har ya cika a hanya. Da zuwan rajistar, ma'aikacin lafiya ya duba wayarsa kawai, ya ce wa direba ga inda za ka.

Mutum uku nake aiki da su. Habila shi ne mai kebul da ƙarfe da batir, duk abin da ake taɓawa da hannu. Tasi'u shi ne mai tsara hanyoyin da saƙo ke bi ya shigo ya fita. Zulaihatu ita ce mai rabon adireshi, ita ta san wa ke zaune a ina.

To, wata Alhamis a ƙarshen damina, lokacin cirar gyaɗa, masu gyaran hanya suka sa katafila suka tsinke kebul ɗin da ya haɗa tudunmu da duniya. Tun da safe waya ke ruri. Na ce wa mutum ya fi talatin ya yi haƙuri, zuwa gobe za a haɗa, har bakina ya saba. Da hantsi wata mata ta kira, ta ce sunanta Ladidi, ma'aikaciyar lafiya ce a Ruwan Baure, a jikin takardar rajista ta ga lambata. Na karanta mata abin da na karanta wa sauran.

"Gobe?" in ji ta. "Malam, ga mata nan kwance a gabana. Kububuwa ta sare ta a hannu tana cirar gyaɗa. Dasashinta ya fara jini. Ka san sunan da ake kiran macijin nan kuwa?"

Na sani. Gobe-da-nisa.

Sunan matar Hansatu, 'ya'yanta biyar, na ƙarshen ko yaye shi ba a yi ba. Na ga wani a cikinku zai ce, ba sai Ladidi ta buga wa asibitocin waya ba? Ta buga. Lamba uku take da su a wayarta, sauran duk suna cikin rajistar. Ɗaya ya ce tasu ta ƙare, ɗaya a kashe, ɗaya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Babban asibiti tafiyar awa biyar ce, gadar ma ruwa ya cinye gefenta. Mota ɗaya ce a ƙauyen, a-kori-kura, man da ke cikinta na zuwa wuri ɗaya ne, hanya kuma ta rabu uku. In aka ɗauki wadda ba ita ba, babu dawowa.

Na ce wa Ladidi ta riƙe direban. Na ajiye waya na dubi Habila da Tasi'u. 

Bari in fara da Habila. Shekararsa hamsin da biyu, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da lalacewa, in zai tashi sai ya dafa bango. Muna da hanya ta biyu ta ko-ta-kwana, wani faranti mai kama saƙo ta iska a saman ƙarfen sabis da ke kusa da ɗakin sabar, yana kallon ƙarfen wani kamfani can nesa. Guguwar farkon damina ta karya notinsa ta juyar da shi. Habila ya sani. Da alli ya rubuta "faranti" a bangon ofis, rubutun ya yi wata uku a wurin, kullum wani aikin ya sha gabansa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kam ranar muka fafe.

Ya hau babur ya nufi kwari. Ruwan da aka kwana ana yi ya sa kwarin ya kawo, ja wur, yana tafe da rassan itace. Mutane na zaune a gaɓa da kayansu suna jiran ya janye. Suka ce masa kada ya shiga. Ya jingine babur, ya zuba sifana da waya a leda, ya ɗaure a ka da rawanin wani dattijo da ya ara, ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya ɗauke ƙafafunsa, ya tafi da shi ƙasa sosai kafin ya cafki saiwar wani marke ya ja jikinsa waje. Takalminsa ɗaya ya tafi. Sai da ya hau ƙarfen, gwiwa na ƙara a kowane mataki, ya kai ƙololuwa, sannan ya laluba aljihu ya tarar sabon notin da ya ɗauko shi ma ruwa ya tafi da shi.

Ya juya farantin da hannu a hankali har fitilar jikinsa ta koma koriya. Ya ɗaure da wayar ƙarfe, iska ta kwance. Ya sake ɗaurewa, ta sake kwancewa. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas, ana walƙiya, shi yana saman ƙarfe mafi tsawo a yankin. Sai ya ɗaure ƙugunsa da ƙarfen, ya rungume farantin da hannu biyu, ya kira ni da abin kunne.

"Baba, ta kama. Amma in na saki za ta juya. Ku yi abin da za ku yi, ina riƙe."

Ku bar shi a can sama, ku zo ga Tasi'u. Hanya ta samu, amma duniya ba ta san da ita ba. Duk mai neman adireshinmu, tsohuwar hanyar da aka tsinke ake nuna masa. Sai kamfanin da ke da wancan ƙarfen ya yi shela daga na'urorinsa cewa lambobin su Sidi yanzu ta nan ake zuwa musu. Wanda ke zaune a teburin da ake yin wannan shela sunansa Kamilu.

Shekara bakwai da suka wuce, Tasi'u da Kamilu aiki ɗaya suke yi a wani birni, ɗaki ɗaya suke kwana kafin su yi aure. Kamilu ya yi wani kuskure da ya goge kayan mutane, da aka tsare shi ya ce Tasi'u ne. Aka kori Tasi'u a satin da matarsa ta haihu. Shekara biyu yana gyaran waya a rumfar kasuwa kafin in same shi. Ya yi rantsuwa bakinsa da na Kamilu sai dai a lahira. Tun bara nake ce masa ya kammala takardun hanyar ko-ta-kwana da kamfanin nan, kullum ya ce gobe, kuma na san dalilin goben, ban matsa ba.

Ranar ya ɗauki waya. Lambar tana kansa, bai ko duba ba.

"Kamilu, Tasi'u ne."

"Na gane muryar."

Tasi'u ya faɗa masa komai a taƙaice. Kamilu ya ce, "Ka san ƙa'ida. Takarda, sa hannun manaja, kwana uku."

"Na sani. Matar ba ta da kwana uku."

 Sannan Kamilu ya ce, "Zan buɗe, in an tuhume ni in amsa. Amma akwai abin da na daɗe ina son ji daga bakinka. Ka ce ka yafe mini."

Ina kallon Tasi'u. Ya dafe tebur da tafin hannu. Ni da na san rumfar kasuwar nan, na san abin da ake nema ya ajiye. Ya rufe ido ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira." Ko zuciyarsa ta bi bakinsa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da na sani, shi ba mutum ne mai faɗin magana ya janye ba, kuma ya san haka lokacin da ya faɗa.

Bai ko sha ruwa ba ya zauna rubuta wa rauta umarni, wato na'urar da ke raba hanya. Layi talatin da wani abu, duk lambobi. In ya kuskure ɗaya za ta kulle mu a waje, sai an je gabanta an buɗe da hannu, mutumin da ke kusa da ita kuwa yana saman ƙarfe ba shi da hannun da zai ba mu.  Bai kuskure ko ɗaya ba. Sai ga shafin makaranta ya buɗe, ga rediyo na magana, ga hotunan atamfa.

Na kira Ladidi da murna. Ta ce shafin ya fara buɗewa ya mutu. Ta sake, ya nuna kan takarda ya tsaya. Ta sake, babu komai. Habila ya ce ƙila hannunsa ne ke motsi, ya ƙara ƙanƙamewa, ruwa kuma ya sauko a kansa. Tasi'u ya bi layukansa sau uku bai ga aibu ba. Kowa na samun ɗakinsa, ban da asibitoci. Aka kira azahar. Ladidi ta ce jini ya fara zuba ta hancin Hansatu, direba ya tayar da mota, ya ce shi gabas zai yi, Mararrabar Gawo, don can ya taɓa kai wani aka dace.

Saura Zulaihatu. Ba ta nan ranar. Mahaifinta ya yi jinyar wata biyar, ita ke kwana da shi a asibiti, daga bakin gadonsa take raba adireshi ta waya. Ranar Talata ya rasu. Alhamis ɗin nan ake sadakar uku a garinsu. Na yi wa kaina alkawari ko kamfanin zai ƙone ba zan kira ta ba. Wayarta ma a kashe take. Na nemi lambar wanta, Lawandi.

"Baba, yanzu malamai suka zauna," in ji shi.

"Na sani, Lawandi. Ka yafe mini. Kai mata."

Ta taso daga cikin mata ta zagaya bayan rumbu. Muryarta ta dushe saboda kuka. Ta saurare ni har na gama, ba ta tambayi faranti ba, ba ta tambayi rauta ba.

"Wa ya shiga sabo tun da na tafi?"

"Mutum ɗaya, jiya. Wani mai sayar da takin zamani. Ko kaya bai zuba ba tukuna."

"Wace lamba aka ba shi?"

"Arba'in da bakwai. Jerin da ke kwamfuta ya nuna babu kowa a kai."

"Baba, arba'in da bakwai ta asibitoci ce."

Na ce jeri ya nuna suna saba'in da huɗu. Ta ce saba'in da huɗu ta gidan burodin nan ce da suka tashi bara, an juya lambar ne ranar da muka yi wa asibitoci ƙaura zuwa sabuwar sabar. Ba ta ce wa ya juya ba. Ba sai ta faɗa ba. Ni ne na shigar da jerin ranar, da idanun nan da suka fara gajiya, kuma ni ne na ba mai taki lambar da yamman Laraba. Dokar da na koya wa kowa, ni na taka ta.

Zulaihatu tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta kowane adireshi da hannu, shekara takwas. Mun sha yi mata dariya, muna cewa ana zamanin kwamfuta tana yawo da littafin 'yan firamare. Ashe ta ga kuskuren nan wata guda da ya wuce, ta ja masa layi a littafin da niyyar ta gyara jerin, sai jikin mahaifinta ya rikice, ba ta koma ta kai ba.

Kashe ɗakin mai taki bai isa ba. Ɗakin asibitoci, da ya ji wani na amsa sunansa, ya saki lambar ya yi shiru, sai an sake ɗaura masa ita, an kuma sa rautar ta manta da wancan. Jerinmu kuwa yanzu babu mai yarda da shi. Ta aiki Lawandi ya kutsa ɗakin da mata suka cika ya ɗauko mata jakarta. Ta tsuguna a bayan rumbu tana karanta wa Tasi'u: sabar ta nawa, ƙofa ta nawa, wace lamba za a sa a ina. Ta cikin wayar ina jin karatun malamai. Sai na ji muryar wata tsohuwa kusa da ita.

"Zulai! Ana yi wa ubanki addu'a kina nan kina ƙirga lambobi?"

"Gwaggo, ina zuwa," in ji ta, ta ci gaba.

Ba ta je ba. Muna cikin layi na kusa da ƙarshe na ji liman ya ce Fatiha, na ji amin ɗin jama'a, na ji ana ta tashi.  Sannan ta faɗi lambar ƙarshe.

Ladidi ce ta kira da kanta. "Ta buɗe." Mararrabar Gawo, inda direba ya so zuwa, allurarsu ta ƙare tun Litinin. Tashar Kanya, ta yamma, suna da kwalba huɗu, ga kuma lambar mai riƙe da mabuɗi. Kafin la'asar an sa wa Hansatu allura. Ta kwana shida a can, ta koma gida da ƙafarta. Yatsanta ɗaya dai bai ƙara lanƙwasa ba.

Kada ku zaci an yi shewa a ofis. Habila ya tambaya, "In saki?" Na ce ya saki. Kusan awa biyu yana riƙe, hannayensa suka ƙi buɗewa, da haƙori ya kwance ɗaurin ƙugunsa, ya sauko yana jan ƙafa ya kwanta a ƙasan ɗakin sabar. Tasi'u ya fita ya zauna a gindin darbejiya yana kallon ƙasa. Zulaihatu ta ce, "Shi ke nan, Baba?" Na ce shi ke nan. Ta kashe wayar. Ni kuma tawa ta yi ƙara, mai atamfa ce, tana tambaya me ya sa hotunanta suka dawo suka sake ɗaukewa.

Bayan mako biyu shugabar ƙungiyar asibitocin, Dakta Murjanatu, ta zo ofis da kanta. Na faɗa mata gaskiya, har da lambar da na juya. Ta ji, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ba ta ƙara ba. Ni ba ni ta tsaya kallo ba, su take kallo. Likita ce, ta san fuskar da ta ƙare. Ta tambaye su yaushe rabonsu da hutu. Habila ya yi dariya, ya ce Kirsimeti huɗu ke nan yana cin ta a gindin janareta. Tasi'u ya ce shi da kwamfuta a jaka yake zuwa idi. Zulaihatu kuwa ko makoki ba ta gama ba. Kwana takwas da rasuwar ta dawo aiki, don babu mai riƙe mata.

Dakta ta ce suna da wani injiniya da ya gama haɗa musu kwamfutoci a asibitocin, da sauran lokaci a kwantiraginsa. Za ta ba mu aronsa. Zai yi sati biyu yana koyon aikin kujerar mutum ɗaya cikinmu a gefen mai ita, sannan ya riƙe ta kwana arba'in, mai kujerar ya kashe waya ya tafi inda ya ga dama. Na tambaye ta ko za a raba kwanakin kashi uku. Ta ce ita ma ta tambayi injiniyan, ya ce aikin ukun ba iri ɗaya ba ne, in zai koyi duka lokacin ya ƙare a koyo. Kujera ɗaya, mutum ɗaya. "Ka ba wanda ya fi cancanta a ranar nan ta maciji," in ji ta, ta tafi ta bar ni da shi.

Ni na cire kaina, ba sai na faɗa muku dalili ba. Na tara su ukun na gaya musu. Da shekara biyar baya ne, na san su, da sun yi ta tura wa juna, wannan ya ce a ba wancan, har sai na tsawata. Ranar babu wanda ya ce a ba ɗan'uwansa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Wannan shirun ya fi komai tsaya mini a rai.

Kada ku ce a duba wanda ya fi buƙata, na gwada, ma'aunin bai motsa ba. Habila, tun ranar, gwiwar ta kumbura, likita ya ce sai ya kwantar da ita ko ya rasa ta. Tasi'u jininsa ya hau, matarsa ta zo har gidana ta ce ya daina cin abinci ya daina magana, ga Kamilu kullum yana aiko masa da gaisuwa, shi kuma dole ya amsa. Zulaihatu mahaifiyarta na takaba ita kaɗai a gida, gwaggonninta kuma har yau in ta gaishe su sai su kau da kai.

Kada kuma ku ce a cire mai laifi, don in za a bi wannan babu mai tsira. Da Habila ya ɗaure notin tun da ya rubuta a bango, da bai shiga ruwa ba. Da Tasi'u ya kai takardun tun bara, da ba a roƙi kowa ba. Zulaihatu ma da ta gyara jerin ranar da ta gani, da ban faɗa ramin ba. Kuma duk ukun ba lalaci ya hana su ba, aiki ne ya fi ƙarfin hannu.

Abin da ya rage shi ne abin da kowa ya yi a ranar. In ba don Habila ba, babu hanyar da Tasi'u zai yi wa shela, kuma shi kaɗai ne ya sa ransa, a ruwa da ƙarƙashin walƙiya. In ba don Tasi'u ba, Habila ya rungumi ƙarfe a banza har ya gaji ya sauko. Kuma ciwon jiki yana warkewa, shi kuwa abin da ya riƙe shekara bakwai, wanda shi kaɗai ya rage masa daga zaluncin da aka yi masa, shi ya bayar a cikin numfashi ɗaya. In ba don Zulaihatu ba, an buɗe wa kowa ƙofa ban da wadda ake mutuwa a bakinta, direba ya yi gabas. Shekara takwas tana rubutun da ake mata dariya a kai, kuma addu'ar ukun mahaifi sau ɗaya ake yi.

Injiniyan zai iso ranar Litinin, zai tambaye ni gefen wa zai zauna. To, jama'a, ku da ba ku gaji irin gajiyarmu ba: Habila, Tasi'u, ko Zulaihatu, wa zan ce ya kashe wayarsa ya tafi?